Ƙofa da Ƙyaure a Birnin Kano

Ko da yake jama'a sukan gama su a baki ɗaya, ma'abota lugga sun rarrabe ƙofa, wadda ita ce mashiga, da ƙyaure, wanda shi ne marufinta, ko tufaniyar bukka ce ko asabarin ɗakin amarya. Amma ƙyauren da ya fi kowanne alfarma a ƙasar Hausa shi ne na ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a zamanin mulkinsa, daga 1463 zuwa 1499. Kowace ƙofa, kamar Na'isa da Mazugal da Kansakali, tana da Sarkin Ƙofa, wanda a da idan magariba ta yi yakan tura ƙyauren nan mai nauyi da maƙera suka lulluɓe da ƙarfe, har fataken da suka makara, komai yawan jakunansu, sai su kwana a waje su jira asuba. Ta Ƙofar Kabuga Turawa suka shiga a 1903. Bayan haka rufe ƙofa ya zama tarihi, waɗansu ƙyamaren kuwa suna nan ajiye a Gidan Makama.