Azabar masu karkatacciyar aƙida a wahayoyin Kirista game da Jahannama

Tun ƙarni na 2 Kiristoci suke rubuta littattafan wahayi da ke zagayawa da mai karatu cikin wuta, suna nuna masa kowane mai laifi da irin azabarsa. Mafi daɗewa shi ne Wahayin Bitrus, wanda aka tono wani ɓangarensa a wani kabari a Akhmim ta ƙasar Masar wajen 1886. A cikinsa azaba takan bi gaɓar da ta yi laifi: masu saɓo, alal misali, an rataye su ta harshe. Yawancin laifuffukan na aiki ne, kamar kisa, zina da cin riba.

Abin ya sauya da Ikilisiya ta samu mulki. A 380 Sarki Tiyodosiyus ya mai da aƙidar Nikiya ta zama ta daular Rum, a 385 kuma aka kashe wani malamin Ikilisiya mai suna Firisiliyan a birnin Tiriya, kisan da ake ɗauka shi ne na farko kan zargin ɓatar aƙida. Wahayin Bulus, da aka rubuta a wannan zamani, ya tanadi wuri mafi muni ga masu musun koyarwa: wata rijiya mai ɗoyi da aka rufe da hatimi 7, inda ake jefa masu cewa Almasihu bai zo cikin jiki ba, ko gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji ba jikinsa da jininsa ba ne. Wanda ya faɗa ciki ba a ƙara ambatonsa a gaban Allah. A ganina nan ne tarihin ya juya, domin abin da mutum ya gaskata ya fi abin da ya aikata nauyi a ma'auni.

Dante, mawaƙin Fulorens da ya rasu a 1321, shi ya ba batun siffar da aka fi sani. A waƙarsa, inda shi kansa yake zagayawa cikin Jahannama, ya ajiye masu bidi'a a hawa na 6, cikin kaburburan da ke ci da wuta, murfinsu a buɗe har Ranar Shari'a, sannan a rufe su har abada. Waɗanda ya fi tsayawa a kansu mabiya Efikurus ne, masu cewa rai yana mutuwa tare da jiki. Sai aka sa su zama da rai a cikin kabari. Daga ɗaya daga cikin kaburburan, Farinata, jagoran ɓangaren siyasa na 'yan Gibelin, ya miƙe daga ƙugu zuwa sama, ƙirji a gaba, bai damu da wutar ba, yana tambayar Dante asalin kakanninsa. Dante ya hukunta shi, amma ya bar masa mutuncinsa, abin da kotun coci ba ta yi ba. Farinata ya mutu a 1264, kotun ta yanke masa hukuncin bidi'a a 1283, ta kuma ƙwace dukiyar magadansa.