Yellapragada Subbarow (1895–1948): Baƙon da Ya Harhaɗa Maganin Sankarar Jini

Gabatarwa

A tarihin yaƙi da cutar sankara, wadda wasu ke kira ciwon daji, Sidney Farber ake ambata a matsayin wanda ya fara kwantar da sankarar jini da magani. Hakan gaskiya ne. Sai dai Farber likita ne, ba ya harhaɗa magani. Sinadarin da ya yi wa yara allura da shi daga ɗakin binciken wani kamfani ya fito, shugaban binciken kuwa Ba'indiye ne mai suna Yellapragada Subbarow. Wannan maƙala ta bi sawun rayuwarsa ne da yadda aikinsa ya kai ga wannan magani.

Daga Madras zuwa Boston

An haifi Subbarow ranar 12 ga Janairu, 1895, a Bhimavaram da ke kudu maso gabashin Indiya, a gidan da ba na masu hali ba. 'Yan'uwansa biyu sun rasu da wata cutar hanji mai hana abinci amfanar jiki, mai kuma ƙarar da jini. Ya yi karatu a Kwalejin Likitanci ta Madras, amma ƙaramar takardar shaida aka ba shi, ba cikakken digiri ba.

Ya sauka Boston a Oktoba, 1923, watanni kaɗan bayan Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa Ba'indiye ba zai iya zama ɗan ƙasa ba. Takardarsa ba ta ba shi damar duba majinyata a can ba, don haka ya riƙa aikin leburancin dare a wani asibiti, da rana kuma yana karatu a Harvard. Matarsa da ya bari da juna biyu bai sake ganinta ba, ɗan da ta haifa kuma ya rasu yana jariri.

A Harvard ya yi aiki da Cyrus Fiske. A 1925 suka fito da hanyar auna sinadarin fosfaras a jini da sassan jiki, a 1929 kuma suka gano sinadarin ATP, wanda ke ɗaukar makamashi a cikin ƙwayoyin halitta. A wannan shekarar Karl Lohmann ya gano shi a Jamus, kuma shi aka fi dangantawa da binciken. Subbarow ya sami digirin dakta a 1930, amma jami'ar ba ta taɓa ba shi matsayi na dindindin ba. A 1940 ya koma kamfanin magunguna na Lederle a jihar Niyok.

Daga abincin jini zuwa gubar sankara

A nan ne aikin da ya shafi sankara ya faro, ta hanyar da ba a yi zato ba. Tun 1931 Lucy Wills ta nuna a Bombay cewa akwai wani abu a cikin yisti da ke warkar da ƙarancin jinin mata masu juna biyu. Wannan abu shi ne bitamin da ake kira folik asid, kuma ayarin Subbarow ya yi nasarar harhaɗa shi a ɗakin gwaji a 1945.

Farber, wanda ke asibitin yara na Boston, ya gwada dangogin wannan bitamin a kan yara masu sankarar jini, da fatan za su gyara musu ɓargo. Sai cutar ta ƙara gudu. Daga wannan kuskure mai ɗaci aka gane cewa ƙwayoyin sankara, saboda saurin rarrabuwarsu, sun fi sauran ƙwayoyi yunwar folik asid. Dabarar da ta biyo baya ita ce a ƙera sinadari mai kama da bitamin ɗin, kamar makullin jabu da zai shige kuba ya toshe ta, ya hana na ainihi shiga. Wannan aiki ne na masu harhaɗa sinadarai, ba na likita ba, kuma ayarin Subbarow ne ya yi shi. Sinadarin da suka aika wa Farber shi ne aminoftarin.

An fara amfani da shi a ƙarshen 1947. A Yunin 1948 Farber ya wallafa sakamakon: cikin yara 16, goma sun sami sauƙi na ɗan lokaci. Cutar ta komo musu daga baya, amma an tabbatar da cewa magani na iya juya ta. Marubutan rahoton biyar ne, babu Subbarow a cikinsu. Ba lallai ne a kira wannan zalunci ba, tun da rahoton na asibiti ne. Sai dai haka sunan mai harhaɗawa yakan ɓace a bayan na mai allura. Bayan wata biyu, a Agustan 1948, ya rasu yana da shekara 53.

Bayan rasuwarsa

Ƙanen aminoftarin, wato metotireksit, wanda shi ma daga Lederle ya fito, shi ya gaje shi saboda ya fi sauƙin sarrafawa. A 1956 Min Chiu Li, wani baƙon daga Sin, ya warkar da sankarar mahaifa mai tasowa daga mabiyiya da shi. A farkon shekarun 1960 Denis Burkitt ya yi amfani da shi a Yuganda a kan ƙarin da ke kumbura muƙamuƙan yara, cutar da asibitocin Nijeriya ma suka sani. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ana ba da shi ga masu wani nau'in amosanin gaɓɓai. Daga ɗakin binciken nan ne kuma Hetrazan, maganin tsutsar tundurmi, ya fito a 1947.

Dokar da ta bai wa Indiyawa damar zama 'yan Amurka ta zo a 1946, amma har ya rasu bai zama ɗan ƙasar ba. Indiya ta buga kan sarki mai hotonsa a 1995. Inda sunansa ya fi wanzuwa shi ne littattafan ɗakin gwaji, a hanyar auna fosfaras ta 1925, inda yake biye da na Fiske, a rubuce da "Row" maimakon "Rao" da aka fi sani a ƙasarsu.