Musaffar Dattawa da Tsaron Hankali

Tun daga zamanin da Wangarawa suka iso Kano da addini a mulkin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, zuwa saukar Shehu Magili wurin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, har zuwa lokacin da almajiranmu suka riƙa niƙa gari suna dosar gabas, ƙasar Barno, domin gyaran tilawa, karatun Alƙur'ani a ƙasar Hausa bai taɓa zama aikin da ake gamawa a naɗe tabarma ba. Yaro yakan fara yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, in Allah ya nufa ya kai alaramma ko gwani. Amma duk darajar da ya taka, izu sittin ɗin nan suna binsa bashin muraja'a kullum, gama Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kwatanta mahaddaci da mai raƙumi a dabaibaye, wanda in ya yi sakaci dabbarsa za ta kuɓuce.

Saboda tsoron wannan kuɓucewa ne magabata suka tsara wa kansu hanyoyi masu ban sha'awa. Akwai satu, inda mutum zai rubuta Alƙur'ani da ka, ba ya duban takarda. Akwai harji, ilmin ƙididdigar kalmomi masu kama da juna da sanin gurbin kowace. Sa'an nan akwai musaffa, wadda a cikinta mahaddata suke zama da'ira suna karɓa-karɓa, kowa ya kasa kunne yana jiran ɗan'uwansa ya yi tuntuɓe a wasali ko madda ya ɗaga shi. Niyyarsu lada ce, ba magani ba, amma duk wanda ya duba da idon basira zai ga cewa dattijon da ya shekara hamsin a wannan da'ira ya haɗa abubuwan da likitocin yau suke yi wa tsofaffi wasiyya da su: aikin da yake gajiyar da ƙwaƙwalwa, da takawa zuwa masallaci sau biyar, da zama cikin jama'a.

Falalar wannan al'ada ba ta bayyana sosai sai ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sauka a gida. Malaman ɗibbu na Larabawa sun san shi da sunan falij, Ibn Sina ma, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayaninsa cikin littafinsa Alƙanun. Talakawanmu kuwa sukan ce iska ce ta buge mutum. Sai a 1658 wani likita na ƙasar Suwizalan, Wepfer, ya nuna cewa zubar jini cikin ƙwaƙwalwa yana haddasa shi, kuma a 1861 Broca ya nuna a birnin Faris cewa furta magana yana da mazauni na musamman cikin ƙwaƙwalwa, wanda daga bisani ya tabbatar a ɓarin hagu yake. Da yake ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne yake sarrafa ɓarin dama na jiki, shi ya sa wanda hannunsa na dama ya shanye sau da yawa harshensa yakan tafi tare da shi. Likitoci sun lura kuma cewa abin da mutum ya haddace da rerawa yakan tsira alhali zancen yau da kullum ya ɓace, har a 1973 waɗansu masana a Boston suka gina hanyar koya wa majinyata magana ta rerawa.

Na ga wannan da idona a unguwarmu. Wani tsohon alaramma ya faɗi bayan sallar asuba, ya dawo daga asibiti ba ya iya kiran sunan matarsa, hannun dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Almajiransa suka ƙi barinsa a ƙuryar ɗaki. Kowace la'asar sai su tallabo shi zuwa zaure, su jingina shi da bango kan buzunsa, su buɗe musaffa. Wata rana wani gardi ya tsallake kalma cikin Suratul Kahfi, sai tsohon ya bugi ƙasa da hannun hagu. Gardin ya koma ya sake kuskuren, sai muka ji murya mai rawa ta fito da kalmar daidai, da maddarta cikakkiya, bisa ruwayar Warshu. Aka yi tsit, babban almajirinsa ya sunkuyar da kai yana cewa, "Allah ya gafarta Malam, mun ji." Maganarsa ba ta koma kamar da ba har ya cika, amma ya sake gyara allo, ya sake amsa gaisuwa.

Ba na cewa tilawa ta isar wa mutum ga barin magani. Hawan jini shi ne babban sababin wannan cuta, gwada shi da shan maganinsa bisa ƙa'ida wajibi ne a kan mai hankali, kuma wanda bakinsa ya karkace ko harshensa ya yi nauyi farat ɗaya, asibiti za a nufa da shi a cikin sa'ar, ba tare da tsayawa neman turare ba. Abin da yake damuna shi ne zaure yana ƙarewa a sababbin gidajenmu, kuma mun koyi ɓoye majinyaci don kunyar idon baƙi, mu bar shi da bango da rediyo. Duk wanda Allah ya bar masa tsoho a gida, mai lafiya ko mai jinya, ya fito da shi inda ake karatu, ya zauna gabansa ya biya, ya ba shi damar ya gyara masa.