Gazawar Zuciya Bayan Haihuwa a Ƙasar Hausa: Waiwaye kan Matsayin Wankan Jego da Kunun Kanwa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi binciken da aka gudanar a Zariya da Yamai da Sakkwato da Kano kan ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko a watannin jego. Abin da ta gano shi ne, laifin da aka daɗe ana ɗora wa al'adun jego ya fi ƙarfin hujjar da ke hannu.

Asalin zargin

Ciwon na bayyana ne da haki, da tari idan an kwanta, da kumburin ƙafafu da ciki. A ma'aunin da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar a 2010, ana tabbatar da shi idan babban ɗakin hagu na zuciya ya kasa tunkuɗa kashi 45 cikin 100 na jinin da ke cikinsa a bugu guda, kuma ba a sami wani dalili ba.

A 1978 Davidson da Parry suka wallafa nazarin mata 224 da suka duba a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Sun lura ciwon ya fi yawa a watannin zafi da gumi, sai suka danganta shi da wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Bayanin yana shiga hankali. Kanwa cike take da sinadarin sodiyom mai riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe hanyoyin jinin fata, don haka aiki ya ninku a kan zuciyar da ba ta gama farfaɗowa daga ɗaukar ciki ba.

Sai dai akwai wani sakamako da ba a cika ambato ba. A 1979 Sanderson da abokan aikinsa suka ɗauki hoton zuciyar wasu masu jegon na Zariya, suka tarar da yawansu tsokar zuciyar na matsawa yadda ya kamata. Wato ruwa ne ya yi wa jikinsu yawa. A ganin mai wannan maƙala, wani ɓangare na matan Zariya ba zai shiga ma'aunin 2010 ba, ke nan cututtuka biyu aka daɗe ana kira da suna ɗaya.

Abin da ya biyo baya

A Yamai, Cénac ya ruwaito a 1992 cewa sinadarin seleniyom ya yi ƙaranci a jinin masu ciwon, abin da ke tuna cutar Keshan ta ƙasar Sin, wadda ita ma ciwon zuciya ce mai alaƙa da ƙarancin seleniyom. Karaye ya sami irin wannan a Kano a 2015. Ciwon kuwa ya yawaita: Isezuo da Abubakar sun ƙiyasta mace 1 a haihuwa 102 a Sakkwato a 2007.

Hujja mafi nauyi ta fito ne a 2020 daga rajistar PEACE, wadda ta tattara marasa lafiya 406 daga asibitocin Nijeriya, akasarinsu daga Arewa maso Yamma. Abubuwan da suka yi tarayya da ciwon su ne rashin ilimin boko, da rashin aikin yi, da rama, da hawan jinin goyon ciki. Wankan jego da kunun kanwa ba su bambanta masu ciwon da masu lafiya ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin al'adar da kusan kowace mai jego ke yi ba za ta iya bayyana dalilin da ɗaya ta kwanta, casa'in da tara suka tashi ba.

Wannan bai wanke kanwa ba. Macen da zuciyarta ta riga ta raunana, gishiri kowane iri cutarwa ne gare ta. Amma a matsayin tushen ciwon, hujja ta fi karkata ga talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jinin da ba a gano ba a wurin awo. Mai jegon da ta zo da haki da kumburi, a auna jininta a ɗauki hoton zuciyarta tukuna, kafin a tambaye ta irin wankan da take yi.