Daga Hasken Malbaza Zuwa Binciken Taurari: Buƙatar Karatu Mai Zurfi a Ilimin Falaki

Gabatarwa

Duban sama tsohuwar al'ada ce a ƙasar Konni. Manomin Illela yana lura da fitowar Kaza da 'ya'yanta da asuba don ya san damina ta kankama, malamin zaure kuma yana lissafin manzilolin wata 28. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, don haka yankin ya gaji littafi kamar yadda ya gaji gona. Wannan maƙala tana ganin cewa abin da ya rage shi ne tsanin da zai kai ɗalibin yankin daga lise zuwa digiri na biyu da na uku a ilimin taurari da asalin sararin samaniya.

Abin da fannin ya ƙunsa

Dole a raba shi da duba. Mai duba yana neman sa'ar mutum a tauraro. Masanin falaki yana auna zafin tauraron da nauyinsa da nisansa. Da irin wannan awo aka gano cewa shekarun sararin samaniya sun kai kimanin biliyan 13.8, kuma duk abin da muka san sinadarinsa bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke cikinsa ba. Sauran yana jiran masu bincike.

Amfaninsa ga yankin

Wani zai ce mai fama da ƙarancin hatsi ina ruwansa da taurari. Amsar tana Malbaza, inda aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7, a 2018. Rana tauraruwa ce, kuma dokar da ke juya haskenta ya zama lantarki a kan faranti ita ce ke aiki a cikin kyamarar madubin hangen taurari. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa (1929–1991), wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ƙarar da rayuwarsa a binciken makamashin rana. Wanda ya ƙware a lissafin falaki zai iya aikin hasashen yanayi, da sadarwa, da tantance bayanai.

Hanyar da za a bi

Ƙurar hunturu tana dushe sararin Sahel, gina babban madubi kuma sai da dukiya. Sai dai binciken yau ya fi dogara ga kwamfuta, domin bayanan kumbon Gaia da na Planck na Turai a buɗe suke ga kowa a intanet. Afirka ta Kudu ta fara shirin horar da ɗalibai na NASSP a 2003, kafin ta ƙaddamar da na'urar hangen taurari ta MeerKAT mai faranti 64 a 2018. Mutane ta fara ginawa, sannan ƙarfe.

Kammalawa

Abu uku ake buƙata: ƙwararrun malaman fiziks da lissafi a makarantun Konni da Malbaza da Illela, digiri na biyu na haɗin gwiwa tsakanin jami'o'in Yamai da Maraɗi da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda ke kusa da iyakar Konni, da tallafin dokta mai sharaɗin dawowa gida a koyar. Na farkon ya fi gaggawa, domin duk shekarar da ajin kimiyya ya wuce babu malamin fiziks, an rasa ɗaliban da sauran biyun za su ɗauka.