Zaɓen Hanyar Sarrafawa, Shimfiɗar Wurin Aiki da Tsara Aikin Ma'aikaci: Bayani ga Masu Ƙananan Masana'antu a Kiyako da Kewaye

Gabatarwa

Kiyako ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, wadda ke maƙwabtaka da Ƙaramar Hukumar Gwaram a kudancin Jihar Jigawa, ƙarƙashin Masarautar Dutse. Wannan yanki ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma akasarin jama'arsa manoma ne da ke noma gero, dawa, masara, gyaɗa, riɗi da kuma shinkafa a fadamu. Mafi yawan amfanin gonar na fita ɗanye zuwa kasuwanni irin su Sara da Birnin Kudu, daga nan a wuce da shi Kano, inda ake sarrafa shi a dawo mana da shi da tsada. Saboda haka ne matasa da ƙungiyoyin mata da 'yan kasuwa ke ƙara sha'awar kafa wuraren casar shinkafa, matsar mai da niƙan gari.

Manufarmu a wannan shafi ita ce mu bayyana shawarwari uku da ya wajaba a yanke kafin a kashe ko sisi a kan inji. Na farko, wace hanya za a bi wajen sarrafa kayan. Na biyu, yaya za a shimfiɗa wurin aikin. Na uku, wane aiki za a ɗora wa kowane ma'aikaci. Waɗannan shawarwari suna bin juna ne a jere, kuma wanda ya fara da sayen inji kafin ya yanke su, sau da yawa jarinsa kan ƙare a cikin ƙarfen da ke zaune yana tsatsa.

Zaɓen Hanyar Sarrafawa

Masana harkar gudanar da masana'antu sun nuna cewa tambayoyi biyu ne ke fayyace hanyar da ta dace: yawan kayan da za a samar, da kuma yawan bambancin da ke tsakanin kayan. Bisa amsar waɗannan tambayoyi, an kasa hanyoyin sarrafawa gida huɗu.

1. Aikin oda. Kowane mai saye da irin abin da yake so, kayan kuma kaɗan ne. Wannan shi ne aikin tela, maƙeri, kafinta da mai walda. Kayan aikin masu sauƙi ne, ana iya juya su ga kowane irin aiki, amma dole ne mai sana'ar ya ƙware.

2. Aikin kashi-kashi. Ana ɗaukar wani adadi a sarrafa shi gaba ɗaya, a gama, sa'annan a ɗauki wani. Haka gidan burodi ke aiki, haka masu gumin shinkafa, haka masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

3. Aikin layi. Kaya iri ɗaya ne ke bin matakai iri ɗaya ba sauyi, kamar yadda ake yin ruwan leda. Shahararren misalinsa shi ne layin harhaɗa motoci da Henry Ford ya kafa a Amurka a shekarar 1913, wanda ya rage lokacin harhaɗa gangar jikin mota daga kimanin awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi.

4. Aikin da ba ya yankewa. Injina na gudana dare da rana, kamar a masana'antar siminti ta Ashaka da ke Jihar Gombe. Kuɗin kafa irin wannan masana'anta na da yawan gaske, kuma tsayawar awa guda asara ce babba.

Ƙa'idar ita ce, gwargwadon yadda aka matsa daga hanya ta farko zuwa ta huɗu, kuɗin samar da kowane kwano na raguwa, amma jarin da ake bukata na ƙaruwa, damar sauya aiki kuma na raguwa. A ƙauyukanmu shinkafa shanshera na zuwa ne lokacin kaka da kuma bayan girbin rani, kowane manomi da irin da ya shuka, wani na kawo buhu biyu, wani ashirin, kuma kowa yana son a mayar masa da tasa ba tare da an gauraya da ta wani ba. Wutar lantarki ba ta da tabbas, man janareto kuma da tsada. A irin wannan hali aikin kashi-kashi ne ya fi dacewa da mafi yawan masu farawa. Babban injin layi yana biyan kuɗinsa ne kawai idan mai shi na da jarin sayen shanshera ya tara a sito, domin injin ya samu abin ci a dukan watannin shekara.

Matakin da Ya Fi Ƙunci

Gyaran shinkafa yana da matakai sanannu: sheƙewa da wankewa, jiƙawa, turarawa, shanyawa, casa, fitar da tsakuwa, tacewa, sa'annan awo da ɗinkin buhu. A kan samu kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne, kimanin kashi 8 zuwa 10 dusa, sauran kuma shinkafa, tsayayya da karyayya. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, matakin da ya fi kowane jinkiri shi ke yanke yawan abin da wurin zai fitar a rana.

Bari mu kawo misali na lissafi kawai. A ce wata ƙungiya ta sayi injin da zai iya cashe buhu 40 a rana, tukwanenta na turara buhu 12, dandamalin shanyarta kuma yana ɗaukar buhu 10. Abin da wannan wuri zai fitar a rana buhu 10 ne, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin injin. Sauran ƙarfin kuɗi ne da aka biya ba a amfana da shi ba. Da ƙungiyar ta sayi ƙaramin inji, ta zuba ragowar kuɗin a faɗaɗa dandamali da ƙara tukwane, da ta ninka abin da take fitarwa. Idan kuma aka gyara shanya, ƙuncin zai koma kan tukwane, don haka wannan lissafi abu ne da ake maimaitawa duk lokacin da aka yi wani sauyi.

Shanya na bukatar kulawa ta musamman. Ana so danshin shanshera ya sauka zuwa kusan kashi 14 cikin 100 kafin a kai ta inji. Idan aka bar ta ta bushe da sauri cikin zafin rana, ƙwayar kan tsage ta karye a lokacin casa, farashinta ya faɗi. Shi ya sa ƙwararru ke shanyawa kashi biyu, su tara ta a inuwa ta huce a tsakani. Haka zalika, jiƙawa cikin ruwan sanyi na tsawon kwanaki shi ke jawo warin da ke korar masu saye, alhali ruwan ɗumi na gajarta lokacin.

Shimfiɗar Wurin Aiki

Bayan an zaɓi hanya, sai a duba inda za a ajiye kowane inji, kowace tukunya da kowane buhu. Akwai manyan tsare-tsare uku.

Tsari bisa matakan kaya. Ana jera wuraren aiki bi da bi, kaya su shiga ta ƙofa ɗaya su fita ta wata. Ya dace da aikin layi da kuma mafi yawan aikin kashi-kashi.

Tsari bisa sashe-sashe. Ana tara ayyuka masu kama da juna wuri guda, kaya ko mutane su riƙa zagayawa gwargwadon bukatarsu. Asibiti irin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu misali ne, inda ɗakin gwaji, ɗakin magani da ɗakin tiyata kowanne ke da sashensa. Kasuwanninmu ma haka suke tun fil azal: 'yan hatsi gefe guda, mahauta gefe guda, kara kuma a bayan kasuwa. Marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ta tara karofi wuri ɗaya, mabuga kuma suna nasu wurin.

Tsarin kafaffen wuri. Abin da ake yi ba ya motsi, ma'aikata da kayan aiki ne ke zuwa gare shi, kamar haƙa rijiya, gina rumbu ko aikin gada.

Ga mai wurin gyaran shinkafa ko matsar mai, muna ba da shawarar a kiyaye waɗannan abubuwa:

a. A zana wurin a takarda, ko ma a ƙasa, a bi sawun buhu guda daga saukewa har lodi. Duk inda sawun ya koma baya ko ya gitta kansa, akwai gyara.

b. A raba ɓangaren ruwa da wuta daga ɓangaren busasshen kaya. Ɓuntu da dusa na kama wuta cikin sauƙi, don haka murhu kada ya kusanci inda ake tara su.

c. A lura da iska. A lokacin hunturu iska na kaɗowa daga arewa maso gabas, da damina kuma daga kudu maso yamma. A sanya bakin fitar ɓuntu da hayaƙin janareto inda iska ba za ta mayar da su kan shanya ko gidajen maƙwabta ba.

d. A yi dandamalin shanya da siminti ko a shimfiɗa tamfol, a kewaye shi saboda dabbobi. Yawancin tsakuwar da ake kuka da ita a shinkafar gida daga sussuka da shanya a ƙasa take shiga.

e. A ɗora buhuna kan katako, nesa da bango, wanda ya riga shiga sito shi zai riga fita.

f. A bar hanyar da amalanke ko mota za ta juya, a kuma bar fili domin faɗaɗawa nan gaba.

Idan filin ƙarami ne, ana iya lanƙwasa layin kamar ƙofaton doki, mashiga da mafita su kasance kusa da juna, ta yadda mutum ɗaya zai iya lura da awon shiga da na fita. Kamfanin Toyota na Japan ya yi fice da irin wannan tsari, kuma ya ƙidaya jigilar kaya marar dalili da zaman jira cikin manyan hanyoyin asara.

Tsara Aikin Ma'aikaci

Rabon aiki tsohon ilimi ne. A shekarar 1776 Adam Smith ya bayyana wata ƙaramar masana'antar fil inda mutum goma, saboda sun raba matakan aikin a tsakaninsu, ke samar da fil fiye da 48,000 a rana. A shekarar 1911 Frederick Taylor ya wallafa littafinsa kan auna lokacin kowane aiki da neman hanyar da ta fi sauri. Mu ma mun san wannan a gayya, inda wasu ke yanka, wasu ke ɗauri, wasu ke ɗauka.

Sai dai daga baya an gano cewa idan aka ƙuntata aiki ƙwarai, mutum ya wuni yana maimaita motsi ɗaya, gajiya da gundura kan jawo kuskure, rauni da barin aiki. A shekarun 1970 masana biyu, Richard Hackman da Greg Oldham, suka lissafa abubuwa biyar da ke sa ma'aikaci ya riƙi aikinsa da daraja: aikin ya bukaci fasaha iri-iri, ya kasance yana da farko da ƙarshe da za a gani, ya kasance yana da amfani ga wasu, a ba mai yinsa ikon yanke wasu shawarwari, sa'annan ya riƙa sanin sakamakon aikinsa.

A aikace, wannan na nufin a riƙa yin karɓa-karɓa tsakanin bakin wuta, shanya da awo, domin kada mace ɗaya ta wuni cikin hayaƙi. Yana nufin a koya wa aƙalla mutum biyu sarrafa inji, saboda kada aiki ya tsaya ranar da mai inji ya tafi biki ko ya kwanta rashin lafiya. Yana nufin mai turarawa ta riƙa ganin yawan karyayyar da ta fito daga kashin da ta turara, domin ta san inda za ta gyara. Ya kamata kuma mai riƙe kuɗi ya bambanta da mai rubuta awo, wanda hakan kariya ce ga amanar kowa. A tsara lokutan aiki da la'akari da salla, zafin rana, watan azumi, ranakun kasuwa da kuma damina, lokacin da ma'aikata da yawa ke komawa gona.

Lafiya da Doka

Bel ɗin inji da ba a rufe ba na iya fizgar babbar riga, mayafi ko hannu cikin ƙiftawar ido. Dole ne a yi masa murfi, a hana yara kusantar wurin, a kashe inji kafin a sa hannu a ciki. A tanadi takunkumin hanci saboda ƙura, a rage ɗaukar buhu a ka ta hanyar amfani da baro. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari da samar da iska da haske a wurin aiki, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta yi tanadi ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Wanda zai ƙulla abinci a leda ko kwalba da sunan kamfaninsa yana bukatar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma jami'anta kan duba tsabta da tsarin wurin kafin su amince. Gyara tsarin tun a takarda ya fi rushe bango bayan an gina.

Kammalawa

Muna kira ga duk mai niyyar kafa wurin sarrafa amfanin gona a Kiyako, Birnin Kudu, Gwaram da sauran garuruwan yankin da ya fara da ƙidayar buhunan da yake da tabbacin samu a kowane wata na shekara. Daga wannan adadi zai zaɓi hanya, daga hanyar zai zana wuri, daga zanen zai san mutum nawa yake bukata da aikin kowannensu. Sai bayan nan ne zai tafi neman injin da ya yi daidai da lissafinsa. Allah ya sa albarka a cikin nema, amin.