Daga Damagaram 1924 zuwa yau: su wane ne Kiristan EERN, kuma me suka yi imani da shi?



Kwanakin baya wani saurayi ya kira ni ana cikin shiri a gidan radiyo. Ya ce: "Malam, maƙwabcina Bahaushe ne, sunansa irin namu, tuwonmu ɗaya, amma ran Lahadi sai ya ɗauki littafi ya tafi majami'a. Wai shi Nasara ne?" Na ba shi amsa a gaggauce don lokaci ya ƙure, amma amsar ba ta gamsar da ni ba. Shi ya sa na zauna na rubuto wannan.

Kalmar Nasara asalinta sunan mabiya Annabi Isa ne. Da Turawan mulki suka zo, sai bakinmu ya liƙa musu ita, har aka wayi gari in an ce Nasara, farar fata ake nufi. To daga nan ruɗanin ya samo tushe. Akwai Kirista ƴan ƙasa, Hausawa da Zabarmawa da Gurmawa, waɗanda kakanninsu nan aka binne su. A ƙidayar 2012 Kirista duka ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a Nijar. Daga cikin waɗanda ba Katolika ba, ɗaya daga cikin ikilisiyoyi mafi tsufa ita ce Eglise Evangélique de la République du Niger, wadda aka fi sani da EERN. Kuma tarihinta a jiharmu ya soma.

A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kai bishara cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan, wato ƙasashen da ke kudu da Sahara. Shekara ba ta zagayo ba biyu suka mutu da zazzaɓi, Bingham kaɗai ya koma gida. Bai fasa ba. Ƙungiyar da ta fito daga wannan tafiya ita ce Sudan Interior Mission, SIM, wadda ta samu gindin zama a Patigi, ƙasar Nufe, a 1902, sannan ta dinga haurowa arewa.

A 1924 SIM ta buɗe tasharta ta farko a Nijar, a Damagaram. Ku tuna a lokacin Damagaram ce babban birnin ƙasa, sai a 1926 aka mai da fadar gwamna Yamai. Aikin bai yi armashi ba a birnin, gari ne na malamai da sarauta mai ƙarfi. Bayan ƴan shekaru suka kafa wata tasha a Tsibiri, ƙasar Gobir kusa da Maraɗi, kuma can ne abin ya kama ƙasa, har aka yi makarantar koyon Littafi. Daga baya tashoshi suka ƙaru: Maraɗi, Jiratawa, Dogon Dutsi, har nan kusa da mu a Dungas.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsakanin ƴan mishan ɗin nan da kwamandojin Faransa ba a sha inuwa ɗaya ba. Yawancinsu mutanen Amurka ne da Kanada da Ingila, Turancin Ingilishi suke yi, kuma daga Najeriya suka ƙetaro. Faransawa na yi musu kallon idon Ingila, musamman lokacin yaƙin duniya na biyu. Ga kuma dokar da ta ce lakwal da Faransanci za a yi ta, su kuwa da Hausa suka iya aiki. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausar boko a 1932, shi ne suka riƙa koya wa mutane karantawa. Wannan ya sa ikilisiyar ta tashi da Hausa a bakinta: addu'a da Hausa, waƙa da Hausa, wa'azi da Hausa. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, akwai tsofaffin Kirista a ƙauye da suka riga mu iya rubuta harshenmu.

Inda talaka ya fi sanin su shi ne wajen magani. Asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, babu gidan da bai ji sunansa ba. Ga Danja kusa da Maraɗi, inda aka soma da jinyar kutare, daga baya a 2012 aka ƙara cibiyar aikin yoyon fitsari. Masu zuwa waɗannan wurare galibinsu Musulmi ne, kuma ba a tambayar addininka kafin a duba ka.

A farkon shekarun 1960, daidai lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai, Kiristan da suka fito daga aikin SIM suka tsaya da ƙafafunsu ƙarƙashin sunan EERN, kamar yadda ƴan'uwansu na Najeriya suka kafa ECWA a 1954. Zama bai tafi sumul ba. Wajajen 1990 rikicin shugabanci ya raba gidan, aka samu UEEPN da kuma ikilisiyar Salama. Tushensu ɗaya, aƙidarsu kusan ɗaya, shugabanci ne kowa da nasa.

To mu zo ga aƙidar.

EERN tana cikin ƙungiyar duniya ta ikilisiyoyin da ake kira Réformées, wato masu bin tafarkin gyara. Labarin gyaran nan ya koma 1517, lokacin da wani malamin coci Bajamushe, Martin Luther, ya fito ya soki yadda ake sayar da takardun yafe hukuncin zunubi. Bayansa sai Jean Calvin, Bafaranshe, wanda aka haifa a 1509 ya rasu a 1564, ya tsara koyarwar cikin babban littafinsa na 1536, sannan ya zauna a Janeba. Sai dai a yi gaskiya: SIM ba ta ɗariƙa ɗaya ba ce, ta tara ƴan mishan daga coci-coci daban-daban. Don haka EERN ta gaji abu biyu, zafin wa'azin masu bishara da kuma tsarin gidan gyara.

In ka zauna da fasto ka tambaye shi, ga abin da za ka ji. Na farko, Littafi Mai Tsarki, mai littattafai 66, shi ne alƙali na ƙarshe a kan kowace magana ta addini. Fasto ko babban taro, duk a ƙarƙashinsa suke. Shi ya sa suka matsa wa karatu, don kowa ya duba da idonsa. Na biyu, ceto kyauta ce daga Allah, wadda suke kira alheri. A wajensu mutum ba ya sayen ta da aikinsa, yana karɓar ta ne ta bangaskiya ga Yesu Almasihu, kyawawan ayyuka kuma su biyo baya kamar yadda ƴaƴa ke bin itace. Na uku, ba a gadon bangaskiya. Ko an haife ka a gidan Kirista, sai ka tuba da bakinka kafin a yi maka baftisma. Na huɗu, ɗaukaka ta Allah ce shi kaɗai, don haka ba za ka ga mutum-mutumi a majami'arsu ba, ba sa roƙo ta hannun waliyyai.

Nan suka bambanta da Katolika. Ba su ƙarƙashin Paparoma. Fastocinsu na aure. Ibadun da suka ɗauka umarni ne guda biyu, baftisma da Jibin Ubangiji. Kowace majami'a na da dattawa da ke riƙe ta tare da fasto, a sama kuma akwai babban taro da ke zaɓen shugabanni. Mata na da ƙungiyarsu mai ƙarfi, Zumuntar Mata, kuma duk wanda ya taɓa jin waƙarsu da ganga ran biki ya san su ne ƙashin bayan gidan. Tun zamanin mishan an tsananta a kan barin giya da auren mace ɗaya, kuma maganar mai mata biyu da ya shigo addinin ta daɗe tana ba su wahala.

Tsakaninsu da Musulmi fa? Kada mu yi wa juna ƙarya don neman daɗin baki. Suna cewa Allah ɗaya ne, amma cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Suna cewa an gicciye Yesu, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Musulunci bai yarda da waɗannan ba, kuma saɓanin babba ne. Su sun sani, malamanmu sun sani. Amma kalmomin da suke ibada da su, Allah, annabi, zunubi, tuba, aljanna, duk daga rumbu ɗaya muke ɗiba. Suna kuma zuwa sunanmu da jana'izarmu, mu ma ana aiko mana da abincin Kirsimeti.

Me ya sa na dage sai mun san wannan? Saboda mun ga abin da rashin sani ke haifarwa. Ran Juma'a 16 ga Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe a Damagaram, aka ƙona majami'u da gidaje da cibiyar al'adun Faransa. Washegari wutar ta kai Yamai, inda hukuma ta ƙidaya majami'u 45. Mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu. Jaridar da ta yi zanen ba ta Kirista ba ce, ta sha yi wa coci da Paparoma irin wannan izgili. Amma wanda aka ƙona wa gida Bahaushe ne ɗan unguwa, don kawai an ɗauka shi da Bafaranshe abu ɗaya ne. A ranakun nan kuma an samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin ɗakunansu har ƙura ta lafa. Waɗannan sun san wa ke zaune bayan dangarsu.

Ga saurayin da ya kira ni, ga amsarka cikakka. Maƙwabcinka ba Bature ba ne, ba baƙo ba ne. Addininsa ya kai shekara ɗari a jihar Damagaram, da Hausa yake karanta littafinsa, kuma in damina ta yi gardama rumbunku tare ke yin fayau. Ba a ce ka yarda da aƙidarsa ba, shi ma ba a ce ya yarda da taka ba. In wata tambaya ta dame ka, yi sallama ƙofar gidansa ka yi masa ita, ya fi ka ji a bakin ƴan shayi.

Dattawan Dungas da suka ga zamanin mishan da idonsu, ko waɗanda iyayensu suka ba su labari, ku rubuto mana abin da kuka sani a ƙasa, cikin ladabi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.